Yadda Magina Za Su Kauce wa Faɗowa Daga Sama

Faɗowa daga sama na cikin manyan abubuwan da ke hallaka ma'aikata a wuraren gini. Sau da yawa sanadin ƙarami ne: ruɓaɓɓen katako, ko tsanin da aka kafa a kan yashi.

Kafin a hau, a duba kowane katako da ƙusoshinsa. Tsanin da zai kai tsawon mita 4, a janye gindinsa mita 1 daga bango, a kuma ɗaure kansa. Kada lebura ya hau riƙe da bokitin siminti. A ja bokitin da igiya. Kafintan rufi ya sa bel ɗin kariya, ya maƙala shi a wuri mai ƙarfi.

Samar da kayan nan haƙƙin ɗan kwangila ne, domin rigakafi ya fi magani.