Daga Dandali Zuwa Fiyano: Ina Yaranmu Za Su Koyi Kiɗa Da Rawa?

Daga Wakilinmu

DUK wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a cikin hunturu, da ya wuce Kura zai fara ganin abin mamaki. Ko'ina ƙasa ta bushe, amma nan gonaki kore shar, ga alkama, ga albasa, ga kwandunan tumatir jibge a Kwanar Gafan ana ta lodi a manyan motoci. Wannan duk albarkar ruwan madatsar Tiga ce, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974, ruwanta ke bin magudanai yana shayar da gonakin Garun Malam, Kura da Bunkure.

Su ma 'yan fim sun san wannan yanki. Sau nawa ka ga jarumi da jaruma suna waƙa a bakin ruwan Tiga? To amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce: yaron da ya tsaya a bakin gona yana kallon ana ɗaukar waƙar nan, ransa ya biya, yana son ya ƙware a kiɗa ko rawa, ina zai je ya koya?

MAKARANTAR DA BA TA DA ALLO

A da, tambayar nan ba ta taso ba, domin kowane ƙauye yana da makarantarsa, wato dandali. In an yi farin wata, 'yan mata su fito gaɗa, ɗaya tana bayarwa saura suna amshi da tafi, wannan ta faɗo da baya ƙawayenta su cafe ta su cilla. Ƙananan yara suna gefe suna kallo, kafin shekara ta zagayo sun haddace. A gona kuwa akwai gangar noma da ake kaɗa wa samari ranar gayya, ga 'yan hoto masu wurga garma sama su cafe kamar wasa. In kaka ta yi, amfani ya shigo gida, sai a yi kalankuwa, samarin wannan gari su gayyato na wancan, kowa ya nuna abin da ya iya.

Shi kiɗa ma gado ne. Ɗan makaɗi tun yana ƙarami yake bin ubansa da kuntukuru a wuya, ya shekara da shekaru yana riƙe amo guda kafin a bar shi ya taɓa kalangu a gaban jama'a. Babu takardar shaida, amma akwai jarrabawa, don in ka ɓata kiɗa a fili 'yan rawa ne za su fara harararka.

Yau fa? Noman rani ya kawo arziki, ba mai musun wannan, amma ya cinye hutun kaka. Ana gama yankan shinkafa sai dashen tumatir, ana gama tumatir damina ta kawo kai. Da dare kuma saurayi yana gidan kallon ƙwallo ko ya duƙufa kan waya. A gidan biki, mai na'urar kiɗa ya zo da lasifika biyu ya kori makaɗa biyar. Makarantar dandali dai ta kusa tashi.

BASHIN DA KE KAN 'YAN FIM

Da yawa daga masu kallon finafinanmu ba su san cewa kiɗan fim daga hannun makaɗan gargajiya ya fara ba. Bayan fitowar "Turmin Danya" a 1990, furodusoshin farko ba su da sutudiyo. Abin da suke da shi shi ne 'yan koroso na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, masu sarewa da duman girke, kuma su suka riƙa yi wa finafinan wancan lokaci kiɗa.

Wanda bai taɓa ganin koroso a fili ba, an bar shi a baya. Bibbiyu ake yin ta, da kacau-kacau ɗaure a ƙafa, ana tsalle, ana lanƙwasa jiki, wani ya ɗauki wani, kuma duk ƙafa ba ta saɓa wa kiɗa. Ba abu ne da mutum zai tashi da safe ya ce zai yi ba. Sai an sha atisaye, an sha faɗuwa. Wani abin sha'awa, mazaunin hukumar shi ne Gidan Ɗan Hausa, inda Bature Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909.

Daga nan fiyano ta shigo. A tsakiyar shekarun 1990 sutudiyo irin na Iyan-Tama suka kawo Yamaha, mutum ɗaya da yatsu goma ya maye gurbin ƙungiya guda. Ko kiɗan "Sangaya", fim ɗin kamfanin Sarauniya da ya ɗaga Ali Nuhu da Fati Mohammed, wanda ya sa kowa rausaya, muryar kayan kiɗanmu na gargajiya ce aka kwaikwaya daga cikin na'ura. An ɗauki muryar sarewa, an bar mai sarewa a gida. Ita kuma rawa, sai aka koma kallon finafinan Indiya ana kwafa. A lokeshin ake koya wa jaruma taku, minti goma kafin a kunna kyamara. Shi ya sa za ka kalli waƙa goma ka ga salon ɗaga hannu iri ɗaya.

YADDA WASU SUKE YI

A ƙasashen Turai akwai wata rawa da ake kira bale, irin wadda ake tsayawa a kan yatsun ƙafa. Tun 1661 Sarkin Faransa Luwi na 14 ya kafa mata cibiya ta musamman a birnin Faris. Yaro yakan shiga tun bai kai shekara goma ba, ya yi shekaru yana horo kullum, kuma a ƙarshen zango ɗalibai su hau dandamali, iyaye su zo su zauna su kalla, kamar yadda muke zuwa saukar karatu.

Kada ka ce ai wannan sai Turawa. A 2020 wani ɗan gajeren bidiyo ya zagaye duniya: yaro ɗan shekara 11, Anthony Madu, yana rawar bale ba takalmi a kan siminti cikin ruwan sama a Legas. Malaminsa Daniel Ajala shi ya koya wa kansa rawar ta intanet, sannan ya buɗe makaranta yana koya wa yaran unguwa kyauta. Yaron nan ya samu gurbin karatu a makarantar bale ta Elmhurst da ke Birmingham a Ingila, kuma a 2024 kamfanin Disney ya fitar da fim sukutum a kan rayuwarsa mai suna "Madu".

A ƙasar Gini, ƙungiyar da Keita Fodeba ya kafa ta ɗauki raye-rayen ƙauye ta tsara su don dandamali, bayan samun 'yanci a 1958 ta zama ƙungiyar ƙasa, ta zagaya duniya. Nan maƙwabtanmu Nijar ma, a zamanin Seyni Kountché, ƙungiyoyin samariya sun riƙa gasar waƙa, wasan kwaikwayo da rawa a bikin matasa na ƙasa, kuma su ma "bale" suke kiran rawar gargajiyar da aka tsara. Ashe ba sai mun ari rawar kowa ba, tamu ma ta isa a yi mata aji.

DAMAR DA TA WUCE A ƘOFA

An so a yi wani abu kusa da nan. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta bayyana shirin gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a garin Ƙofa da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji, da wurin horarwa da zaure mai cin mutum 400. Malamai da jama'a da dama suka ce ba su yarda ba, suna tsoron lalacewar tarbiyya, gwamnati ta janye. Wannan tsoro ba yau ya fara ba. Shi ya sa aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001, shi ya kawo dambarwar 2007.

Gaskiya ce, uba yana da haƙƙin ya tambayi inda 'yarsa za ta je da wanda za ta haɗu da shi. To amma hana makaranta bai hana rawa ba. Yaran suna nan suna yi a TikTok, ba malami, ba mai tsawatarwa. Al'adarmu kuwa tun asali ta san yadda ake raba waje: shantu na mata ne a cikin gida, gaɗa ta 'yan mata ce, hoto na maza ne a fili.

Akwai sashen koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, amma sai wanda ya gama sakandare zai kai can, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da yaron Garun Malam ke bukata bai kai biliyan 3 ba. A samu tsohon mai sarewa ko mai kalangu a ba shi ɗan alawus ya riƙa zuwa makarantar firamare sau ɗaya a mako. Ranar rabon sakamako a bar yara su nuna abin da suka koya a gaban iyayensu, maza daban mata daban. Furodusan da ya zo ɗaukar waƙa a Tiga kuma, ya sa mai sarewa na gaske a cikin kasafinsa, ya rubuta sunansa a ƙarshen fim.

Tsofaffin da suka iya abin nan suna nan a ƙauyukan Kura da Bunkure, amma kullum raguwa suke. Duk wanda ya tafi bai koya wa kowa ba, da kiɗansa ya tafi, kuma fiyano ba za ta iya kwaikwayon abin da ba ta taɓa ji ba.