Babi na Bakwai: Ɗan Itace da Maƙwabtansa

Mutanenmu da yawa, har da waɗanda suka yi zurfi a boko, sun ɗauka cewa babban gatan da za a yi wa ɗan itace shi ne a sassabe duk abin da ya tsiro kewaye da shi, a bar shi tilo a tsakiyar fako yana shan rana; wannan zato kuwa, ko da yake bai rasa ƙanshin gaskiya ba, ya hallaka dashe ba adadi a ƙasar Ƙonni.

Lalle akwai mugun maƙwabci. Ciyawa, da yake saiwoyinta ba su nisa, ita ke riga ɗan itacen shanye ruwan farko, in ta bushe kuma ta zama abincin gobara. Saboda haka ne masu dashen itacen fain a Afaka, kusa da Kaduna, suke nome ta a shekarun farko. Wannan a fili yake, ba sai mun tsawaita ba.

Amma sabara fa? Duk wanda ya bi hanyar Tsarnawa zuwa Malbaza da rani, in ya yi haƙuri ya sunkuya ya buɗa gindin wannan tsiro da ake rainawa, sau da yawa zai tarar da ɗan gawo ko ɗan aduwa ya fake a ciki, alhali a sarari babu ko ɗaya da ya tsira daga bakin awaki. Rassanta suna tare ƙura da busasshen ganyen da iskar hunturu ke kwasowa, har su taru su zama taki. Abin da ya fi ba ni mamaki, wanda masu bincike suka tabbatar a gonakin Senegal, shi ne saiwarta tana nutsawa ƙwarai ta jawo danshi, da dare kuma ta saki wani abu daga cikinsa a ƙasar sama, na kusa da ita su sha. Subhanallahi! Wannan ce ake sarewa da sunan tsabtar gona?

Iska ma maƙiyiya ce, shi ya sa tun 1975 aka fara jera dogon yaro layi-layi a kwarin Majiya, wajen Buza, domin ya karya mata ƙarfi. Sai dai kada a dasa gawo a inuwarsa, don gawo ɗan rana ne. Da ya kere sabarar da ta rene shi, a rage mata rassa ta gefen da suka haɗu.