Duwatsun Filato da Nakiyar Masu Fasa Dutse

Duk lokacin da na biyo hanyar Akwanga zuwa Jos, nakan tsaya a Riyom in dubi duwatsun nan da ke ɗore kan juna, kai ka ce wani gwanin magini ne ya jera su. Matafiya kan ce ikon Allah, su wuce. Ikon Allah ne babu shakka, amma yana da kyau mu san yadda abin ya faru.

Masana ilimin duwatsu sun ce kimanin shekara miliyan 160 da suka shige, narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa a yankin Jos, ya daskare kafin ya fito fili. Iri ɗaya ne da duwatsun Ririwai a Jihar Kano, da na Damagaram, da na Azbin a Nijar, sai dai na arewa sun girme wa na kudu. Da tafiya ta yi nisa, ruwa ya riƙa shiga tsagar dutsen yana cin gefunansa, damina kuma ta wanke ƙasar da ta lulluɓe shi. Abin da ya rage shi ne waɗannan mulmulallun duwatsu.

A cikin wannan dutse kuza take. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai suke narka ta, kuma tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka dira a kanta. Sun kwashe, sun tafi, sun bar wa mutanen Bukuru da Barikin Ladi manyan ramuka cike da ruwa, waɗanda suka cinye gonaki, har yau kuma suna cin rayuka.

Abin da ke damuna shi ne, ba mu ɗauki darasi ba. Yanzu dutsen kansa ake bi da nakiya, a niƙa shi tsakuwa, a loda wa tipa. Ban ce kada a yi gini ba, kuma na san mai fasa dutse abincin iyalinsa yake nema. To amma daga wannan tudu, wanda ƙololuwarsa a tsaunukan Shere ta haura mita 1,800, kogin Kaduna da na Gongola suka samo asali. Manomin rani da ke nesa da Jos ma yana da haƙƙi a kansa.

Shawarata ga hukuma ita ce ta ware wuraren da aka yarda a fasa dutse, ta kuma shata waɗanda ba za a taɓa ba, irin su Riyom da Shere. A tilasta wa duk mai haƙa ya cike raminsa kafin ya tashi. Malamai kuma su riƙa kai ɗalibai su gani da idonsu, domin gani ya kori ji. Itacen da aka sare yakan toho, amma dutsen da aka fasa ba ya dawowa.