Ka Taɓa Yi wa Kanka Sannu?

A ɗakin marasa lafiya ina jin kalmar "sannu" tun safe har dare. Sannu da jiki, sannu da jinya, Allah ya ƙara sauƙi. Muna faɗa wa kowa, har baƙon da ba mu san sunansa ba. Mutum ɗaya ne ba ma faɗa wa, wato kanmu. Uwar da ɗanta ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro takan ce, "Laifina ne, da na kawo shi tun jiya." Magidancin da ciwo ya hana shi noma yakan kira kansa mara amfani. Da wani ne ya yi musu irin wannan magana, da an yi faɗa.

Zargin kai da riƙo ba a zuciya kaɗai suke tsayawa ba. Idan rai ya ɓaci, jiki yana sakin sinadaran da ke sa zuciya bugu da sauri, jini ya hau, wuya da kafaɗa su ɗaure. Idan abin ya zama na kullum, barci yakan gudu, abinci ya daina daɗi.

Akwai wani horon zuciya da ke taimakawa. Asalinsa daga Indiya ne, wurin mabiya Buddha, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Suna kiransa "metta", wato fatan alheri. Yanzu masu kula da lafiyar tunani a ƙasashe da yawa suna koyar da shi ba tare da addinin ba. A 2008 an buga wani bincike da aka yi a Amurka a kan ma'aikatan wani kamfani. Waɗanda suka yi makonni suna yin sa sun ce kwanciyar rai ta ƙaru musu. Na san wani zai tambaya ko wannan bautar wani abu ne. A yadda muke koyar da shi ba a kiran sunan wani abin bauta, ba ya kuma maye gurbin addu'arka. Da yawa ma sukan mayar da kalmomin addu'a, su fara da "Allah ya".

Ga yadda ake yi. Nemi wuri mai shiru, ko gindin bishiya, ko kan tabarma bayan yara sun yi barci. Wanda ba ya iya zama, ya kwanta. Ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali, sau biyar. Sa hannu a ƙirji, ka ce a ranka: "Bari in sami lafiya. Bari zuciyata ta huta. Bari wahalata ta yi sauƙi." Maimaita ba da gaggawa ba, kamar kana rarrashin yaro.

Nan ne mutane suka fi shan wuya. Wasu sukan ji kunya, wasu su ce ai son kai ne, wasu hawaye ya zo musu. Bar hawayen ya zuba. Idan ka kasa farawa da kanka, fara da wanda ya taɓa yi maka alheri, kamar kakar da ta goya ka. Ka tuna fuskarta, ka yi mata fatan, sa'an nan ka dawo kanka da irin muryar da za ta yi maka magana da ita.

Daga nan sai wanda kake ƙauna. Sai wanda ba ka ƙi ba, ba ka kuma damu da shi ba, kamar mai sayar maka da gishiri ran kasuwa, ko mai kwance a gadon da ke kusa da naka. A ƙarshe sai wanda ya ɓata maka rai. Kada ka fara da wanda ya yi maka babbar cuta. Fara da maƙwabcin da akuyarsa ta ci maka shuka. Kishiya, ko ɗan'uwan da kuke rigimar gona da shi, su jira sai zuciya ta yi ƙarfi. Yi wa mutum fatan alheri ba ya nufin abin da ya yi daidai ne. Ke da ake duka a gida, wannan ba ya nufin ki zauna ki yi shiru. Ki nemi taimako.

Minti biyar zuwa goma a rana sun isa. Hankali zai gudu zuwa kuɗin magani ko tukunyar da ke kan wuta. Dawo da shi ba tare da faɗa ba. Wata rana ba za ka ji komai ba, wannan ma ba laifi. Ni nakan yi nawa kafin in karɓi aikin dare.

Kada ka bar shan maganin hawan jini ko na ciwon suga don ka fara wannan. Idan kuma baƙin ciki ya wuce mako biyu yana hana ka ci da barci da aiki, ko tunanin kashe kanka yana zuwa maka, ka zo asibiti ka gaya wa ma'aikacin lafiya a ranar, ka zo da wani wanda ka amince da shi.