Takarda kafin gwaninta: ƙaramin ɗan kwangila da shingen rajista

Duk mai karanta tallan kwangilolin gwamnatin tarayya a jarida ya san ba a fara tambayar mutum ko ya iya aikin. Takardu ake fara nema: shaidar rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardun hukumar fansho ta PenCom da asusun horar da ma'aikata na ITF da asusun inshorar ma'aikata na NSITF, sai kuma sunansa a kundin BPP, hukumar da dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta kafa. Galibinsu ranar 31 ga Disamba suke daina aiki, ko da a Nuwamba aka karɓe su.

Rajistar CAC ɗin kanta ta yi sauƙi. Tun da Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar kamfanoni ta CAMA a Agustan 2020, mutum ɗaya tilo na iya kafa kamfani, ba sai ya jawo matarsa ko ƙaninsa ya cike gurbin mutum na biyu ba. Wanda ke aiki da sunansa na yanka da na mahaifinsa kawai ma, ba dole ba ne ya yi rajistar sunan kasuwanci. Amma daga ranar da ya fara aiki da wani sunan da ya raɗa wa shagonsa, kwana 28 ke gare shi ya yi rajistar sunan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin da birkila ko mai wayarin yake ciki. Ga shi da shekara ashirin a sana'a, da yaransa uku, amma duk abin da ya mallaka na shaida hotunan gine-gine ne a cikin waya. Sai mai jakar takardu ya karɓi aikin aji biyu na firamare, ya zare kasonsa, ya miƙa masa ragowar. Da wannan ragowar za a sayi siminti da rodi. Idan bango ya tsage bayan damina ɗaya, sunan magini ake kira.

Da yawa daga cikin masu sana'ar kuma ba su san doka ta rangwanta musu ba. Takardar ITF, alal misali, tana kan wanda ke da ma'aikata ashirin da biyar zuwa sama ne. Wannan bayani ƙungiyoyin magina da kafintoci ya kamata su riƙa yi wa mambobinsu da Hausa a wurin taro, su kuma tuna wa masu rajistar sunan kasuwanci cewa akwai rahoton shekara da CAC ke jira kafin ƙarshen Yuni.