Akwatin intanet guda, gidaje da yawa

A ƙauyukan Maraɗi, Damagaram da Tawa, wayar salula ta shiga gidaje da yawa. Ƴan ci-rani da ke Libiya, Aljeriya ko Abijan suna aiko ma iyalinsu saƙon murya. Amma kuɗɗin intanet suna da nauyi ga talaka. Shi ya sa wasu maƙwabta ke gama kai, su sayi akwati guda, su raba.

Akwatin nan shi ake ce ma wifi. Yana ɗaukar intanet daga kampanin waya, kamar Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom. Sai ya watsa shi cikin iska, wayoyin da ke kusa su kama. Tun shekara ta 2025, akwai kuma na Starlink, mai ɗauko intanet daga tauraron ɗan Adam.

Wifi ba ya tafiya nesa. Katangar laka mai kauri tana rage mashi ƙarfi. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe sun fi tare shi. Saboda haka a aje akwatin a gidan da ke tsakiya, a ɗora shi bisa, kusa da taga. Kar rana ta buge shi, kar ruwa ya taɓa shi. In wani gida ya yi nisa, a ja mashi igiyar intanet, a sa ƙaramin akwati na biyu can. Amma igiyar kar ta wuce mitir 100. Da damana, in hadari ya taso, a cire ta, don tsawa tana iya binta ta ƙone akwatunan duka biyu.

Ja igiya ba wuya. Inda ake ɓatawa, wajen kuɗɗi ne.

Misali, gida 5 sun sayi intanet na jikka 20 a wata. Kowane gida zai ba da jikka 4. To amma gidan farko, tsohuwa ce ke sauraren muryar ɗanta sau biyu a mako. Gida na biyu kuwa samari ne ke kallon bidiyo har asuba. Bidiyo yana cin intanet ƙwarai fiye da saƙon murya. In intanet ɗin mai iyaka ne, sai ya ƙare tun wata bai raba ba, tsohuwa ta biya abin da ba ta ci ba. Wannan ba adalci ba ne. Gara a ƙidaya wayoyi, kowane gida ya biya gwargwadon yawan nashi. Mai gidan da akwatin ke wurinshi, shi ke ba da kuran ko batirin hasken rana. Ya kamata a rage mashi wani abu.

A zauna tun farko gaban shaidu. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya riƙe littafi. Ya rubuta sunan kowa, da ranar biya, da abin da ya biya. A rubuta kuma wanda zai sayi sabon akwati in wannan ya lalace.

Akwatin yana da lambar sirri. Ba ta kasa harafi ko lamba 8. Kar a sa sunan mai gida ko lambar wayarshi, yara za su gane. Lambar da aka ba aboki guda, gobe tana hannun unguwa duka, intanet ya yi nauyi, saƙo ya ƙi tafiya. A sake ta kowane wata, ranar biya. Wanda ya biya shi ke samun sabuwa.

Akwatin da sunan mutum guda aka yi mashi rijista. In wani ya yi zamba da shi, mai sunan za a fara nema. Kuma raba kuɗɗi tsakanin maƙwabta daban, saida ma jama'a intanet daban. Mai son yin wannan sana'a ya fara neman izini wurin ARCEP, hukumar da ke kula da sadarwa, a Yamai.