Lome ko Kotonu: ina ɗan cin rani zai yi sallama da teku?

Kowace shekara, da an gama ɗaurin hatsi an zuba a rumbu, samarin Arewa sai su kama hanya. Daga Matankari, Kiyeshe, Dan Kasari, Dogon Kirya da Sukukutan, daga Tibiri, Dumega, Geceme da Kore Mai Ruwa, motoci na kwasarsu zuwa kurmi. Wasu su tsaya Najeriya. Wasu su zarce har Akara da Abijan. Can suke dako da gadi, su sayar da shayi da burodi, su yi tallar agogo da tabarau, su yi gyaran takalmi. Makiyaya ma ba a bar su baya ba: in layya ta kusa, suna bin raguna cikin kamyo har bakin teku.

Wata 5 ko 6 ana aiki, babu hutu. Hutun ɗan cin rani ɗaya ne, kwana 3 ko 4 na ƙarshe kafin ya shiga motar gida. A cikinsu ne yake sayen tsaraba, ya ziyarci 'yan garinsu, ya je ya ga teku da kyau, don ya sami labarin da zai ba yara. Anan gardama take tashi tsakanin abokan tafiya. Wanda ya taso daga Abijan ko Akara ya nufo gida ta hanyar bakin teku, birni biyu ke gabansa: Lome ta ƙasar Togo da Kotonu ta ƙasar Benin. Wanne za a sauka? Kuɗin aljihu ba su isa a yi hutu a duka biyun ba, kwanakin da suka rage ma ba su isa ba.

Tsakanin biranen biyu kilomita wajen 150 ne. Kuɗinsu ɗaya ne da na Nijar, wato sefa. Wanda ya yi aiki Abijan ba ruwansa da canji. Wanda ya fito Gana da sidi dole ya canza, ko a ina ya sauka, kuma ya ƙirga da kansa sau biyu kafin ya juya baya.

LOME

Lome ce ta farko. Da an ƙetare iyakar Gana a Aflawo, an shiga cikinta, don shingen iyaka a bakin gari yake. Babban titi na bin gefen teku. Hannu ɗaya gidaje, ɗaya hannun rairayi mai faɗi da itatuwan kwakwa, bayansu ruwa har inda ido ya ƙare. Manyan jirage na tsaye jere a nesa, suna jiran shiga tasha. Da dare fitilunsu kamar wani gari a bisa ruwa. Da safe masunta da yawa kan kama igiya ɗaya, su yi ta jan koma zuwa tudu, mata na jira da kwanoni. Ƙarafan tsohuwar gadar jirage ta zamanin Turawa suna nan cikin ruwa, tsatsa ta cinye su.

Babbar kasuwa, wadda 'yan gari ke kira Asigame, tana kusa da bakin ruwa. Mutum na iya sayen turmin atamfa, ya tako da ƙafa ya zauna ƙarƙashin kwakwa ya sha iska. Atamfar Lome ta yi suna tun da daɗewa. Matan da suka riƙe cinikinta sun yi arziki har aka yi masu laƙabi da Nana Benz, saboda irin motocin da suke shiga. A watan Janairu na 2013 gobara ta cinye babban ginin kasuwar, amma ciniki bai mutu ba, ya bazu cikin titunan da ke kewaye. Mai son gwanjo kuwa, wato bosho, sai ya nufi kasuwar Hejiranawe.

Inda Lome ke da cikas shi ne masauki. A dā zangon Hausawa a tsakiyar gari yake. A 1977 hukuma ta tashe shi, ta mai da shi arewacin gari, wajen Agwe, kilomita wajen 15 daga kasuwa. Baƙon da ya sauka wurin maigida a Zango, zuwa kasuwa kuɗin babur ne, komowa ma kuɗin babur ne. Teku kyauta ake kallonta, amma hanyar zuwa ba kyauta ba ce.

KOTONU

Kotonu ba garin shan iska ba ne. Ƙara ce da hayaƙi, ga 'yan kabu-kabu masu rawayen riguna, da ake kira zemijan, sun cika titi kamar fari. Mai son ganin teku sai ya hau babur zuwa Fijirose, can bayan filin jirgin sama. A gabashin gari kuwa teku ta ci ƙasa, ta rushe gidaje, har aka jera manyan duwatsu don a tare ta.

Amma ɗan Nijar ba baƙo ba ne a Kotonu. Zango na tsakiyar gari, da babban masallacinsa. Hausa da Zabarmanci sun isa mutum ya ci abinci, ya sami wurin kwana, ya tambayi hanya. Da wuya ɗan Arewa ya yini can bai gamu da wanda ya san ƙauyensu ba. Kasuwar Dantokpa, a bakin ruwan da ya raba gari biyu, ta daɗe tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, kusa da ita kuma Misebo ta yi suna da 'yan gwanjo. Gwamnatin Benin ta gina sababbin kasuwanni, ta sanar da tashin Dantokpa. Saboda haka baƙo ya fara tambayar 'yan Zango inda masu irin kayan da yake nema suke zaune, kafin ya biya kuɗin babur.

Zumuntar Kotonu da Nijar tsohuwa ce. Shekara da shekaru tashar jiragenta ce ƙofar Nijar zuwa teku. Tun 1959 ƙasashen biyu suka haɗa hannu kan jirgin ƙasa mai tafiya daga Kotonu zuwa Faraku, kilomita 438. Dattawan Arewa da suka yi biɗa suna samari sun san shi: a sauka jirgi a Faraku, a hau kamyo zuwa Gaya. Jirgin ya daina ɗaukar fasinja, yanzu kar ce ke yin tafiyar.

KAYA DA SHINGE

Masu son Lome kan ce atamfarta ta fi kyau. Masu son Kotonu kan ce babu abin da aka rasa a kasuwarsu. Duka biyun suna da gaskiya. Turmin uwa da na uwargida, gwanjon yara, radiyo, salula, fitila mai aiki da hasken rana, duk akwai su nan da can. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne shinge. Kayan da aka saya a Lome sai sun ƙetare iyakar Togo da Benin a Hilakonji, sa'an nan su fuskanci ta Benin da Nijar. Kayan Kotonu iyaka ɗaya ke gabansu. A kowace iyaka ana iya sauke kaya, duwan ta duba, 'yan dako su karɓi nasu. Rangwamen da aka samu a kasuwa sau da yawa a bakin shinge yake narkewa.

Wani zai ce ai Lome na da hanyarta zuwa Nijar. Tana da ita, amma ba hanyar ɗan cin rani ba ce. Daga Lome zuwa Sinkase, iyakar Burkina Faso, kilomita wajen 650 ne. Daga can a ratsa Burkina ta Kaya da Dori, a shigo ta Tera, a iso Yamai, har yanzu kuma saura kilomita fiye da 270 zuwa Dogon Dutsi. Tun 2023 manyan kamyo na kayan Nijar suka koma bin wannan hanya cikin ayari, soja na yi masu rakiya, saboda 'yan bindiga. Ayari kan yi makonni yana jiran izinin tashi. Mai gona ba ya da makonni. Shi ya sa fasinjan Lome, ko ya bi ta Kotonu, ko ya bi ta Kara da Jugu, ƙarshenta dai Malanbil zai fito, gaban Gaya.

Hanyar Kotonu kuwa miƙaƙƙiya ce: Bohikon, Dasa, Faraku, Kandi, Malanbil, kilomita wajen 730. Daga Gaya zuwa Doso wajen 150, daga Doso zuwa Dogon Dutsi wajen 135. Mutanen Tibiri da Dumega ma ba su kai Dutsi ba suke sauka. Duka duka kilomita 1000 da 'yan kai.

Ita ma da nata ƙulli. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. A watan Fabrairu na 2024 Benin ta buɗe nata gefe, Nijar ta bar nata a rufe. Sai fasinja suka koma fito: kar ta sauke su Malanbil, kwale-kwale ya ƙetare kogi da su, wata kar ta ɗauke su a Gaya. A watan Mayu na 2024 hukumomin Benin sun taɓa hana fiton ma, kuma a wannan watan suka hana fitar da masara da sauran cimaka daga ƙasarsu. Wanda ya ɗauko babur da buhuna ya san wuyar kwale-kwale: kowane ƙunshi da kuɗinsa, jirgi kuma in ya cika ƙwarai hatsari ne. Dokar iyaka na sakewa. Labarin bara ba ya amfani bana. Kafin a yanki tikiti, a tambayi direban da ya iso daga Gaya cikin makon nan. Shi ya san halin da gada take ciki. A Zangon Kotonu irin wannan direba ba ya wuyar samu, wannan ma wani abu ne da Kotonu ta fi Lome.

Katin shaidar ɗan ƙasa da katin allurar shawara su kasance a jiki, cikin leda, ba cikin buhu ba. Kuɗi masu yawa kuwa gara a aika su ta gidajen aika kuɗi, waɗanda ke da rassa a biranen biyu, mutum ya tarar da abinsa a gida.

TSERE DA RUWAN SAMA

Ga babbar magana. Damana a bakin teku take farawa. Tun watan Afirilu ana ruwa a Lome da Kotonu, ya yi ƙarfi a Yuni. Daga nan sai hadari ya kama hanyar arewa, hanyar da ɗan cin rani zai bi: Faraku, Kandi, Gaya. Galibi Gaya na rigan Geceme da Tibiri samun ruwa, su kuma su riga Dogon Kirya da Sukukutan. A Arewa ruwan shibka yakan sauka daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni, wata shekara ya yi sammako, wata shekara ya makara. Saurayin Geceme da saurayin Sukukutan na iya kwana ɗaki ɗaya a Zango, amma kwanakin da suka rage masu ba ɗaya ba ne. Na kudu shi ya kamata ya fara ɗaure kaya.

A gida tsoho ne, da mata, da yara. Gona na jiran sassabe, taki na jiran amalanke. In ruwa ya sauka da dare, da safe ake shibka, tun ƙasa na da laima. Kwana 2 ko 3 rairayi ya bushe, sai jiran wani ruwan. Gidan da ƙarfafansa ke bakin teku ran nan, rabin gonarsa kawai zai shibka, ko ya ci bashi ya ɗauki 'yan ƙwadago. Wasu iyaye kan yi binne tun ruwa bai zo ba, su yi kasadar iri, don ba su san ranar da yaro zai iso ba.

A yi lissafi. A ce mutum ya tara jika 200. A ce abinci da babur da 'yar kyautar maigida na cin jika 3 a yini. Kwana 5 na hutu jika 15 ke nan, ba a sayi ko ƙyalle ba. In aka ƙara kwana 2 na jira a bakin kogi, an shiga mako. Makon nan, a watan Afirilu, kuɗi kawai yake ci. A ƙarshen Mayu yana iya cin damana.

To, wanne? Saurayin da wannan ce fitarsa ta farko, kayansa jaka ɗaya, Mayu kuma bai kama ba, ya sauka Lome. Zai ga teku yadda ya kamata a gan ta, kwana 2 sun ishe shi. Magidanci mai tsaraba da yawa, ko duk wanda Mayu ya riske shi a kurmi, ya wuce Lome yana kallon teku ta tagar mota. Hanyar ma bakin ruwa take bi, ta Aneho da Garan Popo. Ya yi sayayyarsa a Kotonu, inda motar gida take. Abokan tafiya in ra'ayinsu ya rabu, ba dole su sauka tare ba. Sai su yi alkawarin ranar gamuwa a tasha.

Duk inda aka sauka, akwai kashedi ɗaya. Tekun wannan gaɓa ba tabki ba ce. Igiyar ruwa na buga mutum ta kayar, in za ta koma sai ta janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ta tafi da shi. Tana cin 'yan gari ma, waɗanda aka haifa a bakinta. Wanda ya koyi iyo a Tabkin Saw na Dogon Dutsi, iyonsa ba ya aiki a nan. A tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu, a riƙe takalmi a hannu, kada a juya wa ruwa baya don ɗaukar hoto. Masu son shaida kan cika 'yar kwalba da ruwan teku su kai gida, yara su ɗanɗana su ji gishiri. Ita dai duwan ba ta karɓar kome a kanta.